Yini Guda a Bikin Ceri na Safru, Zangon da Hanya ta Ƙaurace wa

Da kwamitin wannan mujalla ya nemi mu rubuta wani abu na tarihi domin fitowar bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, da farko mun yi niyyar komawa kan labarin goro da kanwa da gishirin Bilma, waɗanda kowa ya sha ji daga bakin kakanni. Sai dattawanmu suka ce a'a, ku ba da labarin garin nan da kuka dawo kuna ta zancensa. To, shi za mu bayar. Sunan garin Safru, a ƙasar Maroko yake, kuma yini guda tak muka yi a cikinsa.

Mu biyar ne muka tashi daga Yamai a watan Yuni: biyu daga Maraɗi, cikinsu har da wata Hajiya mai sayar da kayan mata, ɗaya daga Damagaram, ɗaya daga Katsina, sai dattijonmu mutumin Agadas, wanda shi ne bakinmu saboda yana jin Larabci sosai. Jirgi ya sauke mu a Kazablanka, muka shiga jirgin ƙasa zuwa Fas, inda muke saro jallabiyoyi da takalman fata da kayan shayi. Mun gama ɗaure kaya, saura kwana biyu mu juyo, sai mai masaukinmu ya ce, "Alhazai, gobe ku huta da lissafi. Ana bikin habbul muluk a Safru, tafiyar ba ta kai awa guda ba." Muka dubi juna, don babu wanda ya san abin da ake nufi da habbul muluk.

Ƙwayar sarakuna

Habbul muluk suna ne da mutanen Maroko ke kiran wani ɗan itace, ma'anarsa ƙwayar sarakuna. Masu jin Turanci sun san shi da ceri, masu jin Faransanci su ce sariz. Girmansa bai wuce na ɗinya ba, yana da sulɓi, ja ne wur, wani in ya nuna sosai har ya yi baƙi-baƙi. Ƙwallo ɗaya gare shi a ciki, da wani siririn tsinke da yake rataye da shi a jikin reshe. Yana da zaƙi da ɗan tsami-tsami. Itacensa sai ya sha sanyin hunturu mai tsanani kafin ya yi fure, shi ya sa ba ya yi a ƙasashenmu.

Abin da ya fara jan hankalinmu a matsayin ƴan kasuwa shi ne rashin haƙurinsa. Kakarsa makonni kaɗan ce, tsakanin Mayu da Yuni. Da hannu ake tsinkarsa, tare da tsinken nan, domin in aka fizge tsinken sai ruwa ya fara fita ya ruɓe da wuri. In ba a sa shi cikin sanyi ba, kwana biyu zuwa uku ya tashi daga aiki. Duk wanda kamyonsa ya taɓa kwana a bakin iyaka ɗauke da tumatir ko mangwaro ya san irin zullumin mai wannan haja.

Da sassafe muka shiga babbar tasi, irin mai ɗaukar fasinja shida. Safru tana kudu da Fas da kimanin kilomita 28, a gindin duwatsun Atlas, kuma da yake hanyar hawa ce, kafin mu isa mun ji iska ta sauya. A bakin gari dattijonmu ya sa direba ya rage gudu, yana nuna allunan gwamnati. A ƙarƙashin rubutun Larabci akwai wani rubutu mai da'irori da ɗigo da giciye. Ya ce, "Kai, wannan ai Tifinag ne, rubutun iyayenmu mata a Abzin." Wasu haruffan ya gane su, wasu sun sha bamban da nasu. Mutanen duwatsun nan Amazig ne, harshensu ɗan'uwan na Abzinawa ne, kuma tun 2011 tsarin mulkin Maroko ya sa shi cikin harsunan hukuma. Tun daga nan muka fara jin cewa garin bai yi mana nisa kamar yadda muka zata ba.

Zango a kan hanyar sarki

Da yake sai da yamma za a yi babban zagayen biki, muka ce bari mu fara da tsohon gari. Ƙarami ne, mutum zai ratsa shi daga ƙofa zuwa ƙofa kafin shayi ya huce. Ganuwa ta kewaye shi, wani ɗan kogi mai suna Aggai ya bi ta tsakiyarsa, an ɗora masa ƙananan gadoji. Daga wannan kogi da idanun ruwan da ke kewaye aka ja magudanai zuwa lambuna, kowane mai lambu da lokacinsa na ban ruwa. Shi ya sa aka daɗe ana yi wa garin kirari da lambun Maroko.

Mutanen Safru suna alfahari cewa garinsu ya girmi Fas. Suna ba da labari cewa Maulaya Idris na biyu ya zauna a wurinsu lokacin da ake ginin Fas, wajen shekarar 808, har ya ce zai bar birnin Safru ya tafi ƙauyen Fas. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, yau dai Fas ce birni, amma labarin yana nuna yadda suke kallon kansu.

Abin da ya ɗaga Safru tun asali shi ne mazauninta. Ayarin da ya tashi daga Fas ya nufi kudu, a Safru yake yada zangon farko, a nan ake shirin ƙarshe kafin a hau duwatsu. Daga nan hanya ta bi ta wajen Bulman, ta tsallake kogin Muluya, ta gangara kwarin Ziz, ta faɗa Tafilalat, ƙasar dabino. Ana kiranta hanyar sarki. A Tafilalat birnin Sijilmasa yake, wanda aka kafa wajen shekarar 757, kuma ƙarnoni da dama shi ne ƙofar Sahara ta wannan ɓangare. Daga can raƙuma ke tashi da tufafi da tagulla da duwatsun ado, su ɗauki gishiri a Tagaza, su dawo da zinariya. Ba za mu ɓoye ba, har da bayi cikin abin da ake kaiwa arewa.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan ɗan Maraɗi ko ɗan Katsina da wannan hanya? Akwai matafiya biyu da suka ɗaure ta da ƙasarmu. Na farko Ibn Battuta. Ya tashi daga Fas, ya bar Sijilmasa da ayari a watan Fabrairun 1352, ya ziyarci Mali da Tambutu da Gawo, sannan a 1353 ya isa Takadda, wadda masana ke cewa kangonta na nan a Azelik, can yankin Ingal. Ya rubuta cewa ana kai tagullar Takadda ƙasar Gobir da Barno. Daga nan ya juya gida ta Tuwat da Sijilmasa, ya tsallake duwatsun Atlas cikin dusar ƙanƙarar da ya ce bai taɓa gamuwa da hanya mai wuyarta ba, ya shiga Fas a farkon 1354.

Na biyu shi ne Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. A Fas ya tashi, kuma a littafin da ya kammala a Rum a 1526, aka buga a 1550, ya yi bayanin Safru, ya kuma yi bayanin Agadas da Gobir da Katsina da Kano. Har ya ambaci lemunan da ke fitowa a dazuzzukan ƙasar Kano, da takalman da dukawan Gobir ke ɗinkawa ana kaiwa Tambutu da Gawo. Ke nan shekaru ɗari biyar da suka wuce, mutumin Fas yana lissafa garuruwanmu da Safru a cikin duniyar ciniki guda.

Yadda ake fatauci a da

Muna cikin yawo a lungunan kasuwa, sai muka faɗa wani babban gida mai faɗin tsakar gida da bene a kewaye. Yanzu masaƙa da kafintoci ne a ciki. Wani tsoho da ke zaune a bakin ƙofa ya ce mana funduƙ ne, masaukin fatake. A da alfadarai da raƙuma a ƙasa suke kwana, kaya a ɗakunan ajiya, fatake kuma a sama. A nan ake sauke kaya, a auna, a yi ciniki, a nemi labarin hanya. Mutumin Damagaram ya yi dariya ya ce, "Wannan ai gidan fatoma ne, bene kawai aka ɗora masa."

An yi sa'a, kasuwar Safru tana cikin kasuwannin da aka fi yin nazari a kansu a duniya. A shekarun 1960 wani masani Ba'amurke, Clifford Geertz, da abokan aikinsa sun zauna a garin, suka yi hira da tsofaffin da suka ga zamanin ayari da idonsu, suka fitar da littafi a 1979. Abubuwa biyu da ya bayyana ba za su zama baƙi ga kowane ɗan ƙungiyar nan ba.

Na farko ƙiradi, wanda duk wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya ya san shi. Mai dukiya ya ba da jari, ɗan tafiya ya sa ƙafarsa da wayonsa, in an dawo a raba riba bisa kason da aka yi alkawari. In aka yi hasara ba da sakacin ɗan tafiya ba, mai jari ne ya rasa kuɗinsa, shi kuma ya rasa wahalarsa. Ta haka mutumin da bai taɓa tsallake dutse ba yake da hannu a kayan da ke Tafilalat.

Na biyu shi ne zattata. Duwatsun da ke kudu da Safru ƙasar ƙabilu ce, ikon sarki bai cika kaiwa can ba. Don haka falke sai ya ƙulla amana da wani mai ƙarfi a kowace ƙasa da zai ratsa, ya biya shi wani abu, a yi musayar rawani ko alkyabba a matsayin shaida. Daga nan wanda ya taɓa falken ya taɓa mutuncin mai gidansa. Shi ko wakilinsa zai raka ayari har iyakar ƙasarsa, ya miƙa shi ga na gaba. Dattijonmu ya ce wannan shi ne aikin madugu a hanyar Gwanja, sanin wanda za a ba kuɗin fito da garama, da nawa za a ba shi, da wanda in an ba shi zai riƙe alkawari.

Daga funduƙ muka tsallaka gada muka shiga wata unguwa mai dogayen gidaje da matsattsun lunguna. Ita ce Mallah, unguwar Yahudawa, a tsakiyar gari take. Har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce, Yahudawa babban kaso ne na mutanen Safru, kuma ginshiƙi ne a kasuwarta. Akwai masu zama, waɗanda ke riƙe da jari a gari, akwai masu hawa, waɗanda ke ɗora kaya a kan dabba su bi kasuwannin ƙauyukan Amazig, kowanne a ƙarƙashin inuwar wani mai gida. Musulmi da Bayahude, Balarabe da Ba'amazige, kowa da addininsa da harshensa, amma bashi da amana sun ɗaure su wuri guda.

Ranar da hanya ta kauce

Sijilmasa ta rushe tun wajen ƙarshen ƙarni na 14, jiragen ruwan Turawa kuma suka riƙa janye cinikin zinariya zuwa bakin teku. Duk da haka ayarin Fas zuwa Tafilalat bai tsaya ba, ana kai sukari da shayi da yadi, ana dawowa da dabino da fatu, har farkon ƙarni na 20. Abin da ya karya shi mulkin mallaka ne. Sojojin Faransa sun shiga Fas a 1911, aka sa hannu kan yarjejeniyar mulkinsu a watan Maris na 1912. Suka mai da babban birni Rabat, suka gina babbar tashar jiragen ruwa a Kazablanka, arzikin ƙasa ya juya fuska zuwa teku. Da aka zo shimfiɗa babbar hanyar mota zuwa Tafilalat, sai ta bi ta Azru da Midalt. Kamyo ba ya bukatar yada zango bayan kilomita 28, ba ya bukatar funduƙ, kuma da bindigar Nasara ta rufe duwatsu, babu mai sake biyan zattata.

Wannan labari mun san irinsa a gida, kuma a shekaru guda ya faru. A 1911 ɗin nan ne layin dogo ya isa Kano, kaya suka koma bin Ikko, ayarin Tarabulus da ke biyowa ta Gat da Agadas da Damagaram ya mutu a tsaye. A 1926 kuma aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kai Yamai. Mutumin Damagaram da ke cikinmu bai ce uffan ba da ake wannan magana, kai kawai yake kaɗawa.

Daidai wannan lokaci ne, wajen shekarar 1920, aka fara bikin ceri a Safru, a zamanin mulkin Faransa, kuma ana lissafa shi a matsayin mafi daɗewa cikin irin waɗannan bukukuwa a Maroko. A ganinmu nan ne gishirin labarin yake. Ƙarnoni da dama garin yana cin abinci daga kayan wasu da ke wucewa ta ƙofarsa. Da aka daina wucewa, sai ya waiwayi abin da ke bayan ganuwarsa, ruwan Aggai da lambuna da wani baƙin ceri mai zaƙi da suke kira baladi, wato ɗan gida. Garin da a da ake kwana a wuce ya samo dalilin da zai sa a ɗaura niyya a zo masa takanas.

Jarrabawa ba ta ƙare a nan ba. A 1950 kogin Aggai ya yi ambaliya, ya ci rayuka da gidaje, musamman a Mallah. Daga 1948 Yahudawa suka fara ƙaura, tafiyar ta ƙaru bayan samun ƴancin Maroko a 1956 da kuma bayan yaƙin 1967, har unguwar ta zama babu su. Gari ya rasa hanya, ya rasa rabin ƙwararrun kasuwarsa, amma duk Yuni ana fitowa biki. A 2012 hukumar UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun gado na ɗan Adam.

Da la'asar ta yi

Kwana uku ake yi ana biki, mu mun dace da ranar zagayen gari. Tun azahar motoci ke ta shigowa daga Fas da Miknas da ƙauyukan duwatsu. Ko'ina ka duba tebura ne da akwatunan ceri an tsiba shi kamar dala, ana aunawa da kilo ana zubawa a takarda. Mun lura har tsinken ba a zubarwa, ana shanya shi a sayar, ana dafawa a sha don wankin mara. Masu gidajen abinci da masu shayi da masu hayar ɗaki duk sun samu kasuwa, yara kuma sun yi ja-ja da baki.

Hajiya ta ɓace mana kusan awa guda. Da muka gano ta, tana durƙushe a rumfar wasu mata, an baje mata maɓallai iri-iri a tabarma. Su ne ƙananan maɓallan zaren siliki da ake jerawa a gaban jallabiya da kaftani, waɗanda mu kanmu mun sha sayarwa ba mu taɓa tambayar inda ake yin su ba. Matan Safru da na ƙauyen Bahalil da ke kusa ne suka shahara da su. Da allura ake ƙulla kowane ɗaya a hannu, mace na zaune a ƙofar gida tana hira tana yi, riga guda kuwa takan ci maɓallai da yawa. Hajiya ta ɗago ta ce da dattijonmu, "Baba, tambayar mini ita, in na sa a yi mini kalar da nake so, wata nawa zai ɗauka?" Kafin mu bar rumfar sun yi musayar lambar waya. Shekaru tana sayen wannan kaya a hannu na uku, sai biki ya haɗa ta da hannun farko.

Bayan la'asar aka fara zagaye. Masu badujala a gaba, sai ƴan makaranta, sai motoci da aka ƙawata, kowace tana nuna wata sana'a ko wata ƙungiya ta gari. Mutanen duwatsu suka jeru kafaɗa da kafaɗa cikin fararen kaya suna rawar ahidus, ana buga musu faffaɗan tambura na hannu. Can sai guɗa ta tashi, ga motar sarauniyar ceri. Kowace shekara ana zaɓen budurwa guda, a yi mata ado irin na amare, ta zauna da ƴan rakiyarta tana miƙa wa jama'a ceri. A wani fili a bayan gari kuma mahaya suna tburida: su jeru sahu guda, su sako dawaki a guje, su harba bindigogi lokaci ɗaya kamar harbi guda. Bakatsinen cikinmu ya ce in ban da bindigar, da sai ya rantse jafi ake yi a ƙofar fada.

Abin da mai ceri ya gaya mana

Da rana ta yi sanyi muka zauna shan shayi kusa da teburin wani dattijo mai sayar da ceri. Ɗan Maraɗi, wanda ba ya ganin haja ya ƙyale, ya sa aka tambaye shi farashin akwati goma, wai zai gwada kaiwa gida. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, in don kuɗinka ne sai in sayar maka. Amma kafin ka isa ƙasarku ruwa za ka tarar. Sayi kilo guda ka ci a nan." Wannan magana ta sa muka saki jiki da shi.

Dattijonmu ya ce, "Sidi, a ina lambunka yake? Muna so mu ga itacen da idonmu." Sai ya nuna wasu benaye da ke hayin hanya, ya ce a can lambun mahaifinsa yake. Muka ce to wannan cerin fa? Ya ce da asuba ya sauko da shi daga duwatsu. Yawancin abin da muke gani a tebura daga wajen Imuzar da Ifran da Ainul Luh yake zuwa, inda sanyi da ruwa suka fi yawa. Baladin da ya yi wa garin suna kuwa, ƙwari sun ci, gini ya ci, sai ɗai-ɗai ake samunsa.

Lissafin a fili yake. A farkon shekarun 1960 mutanen Safru kimanin 20,000 ne, a ƙidayar 2014 sun kusa 80,000. Mutanen ƙauye sun kwararo gari, kowa na son wurin kwana, filin da ya fi kusa kuma shi ne lambu. Kuɗin fuloti guda ya fi abin da itatuwan za su kawo a shekaru masu yawa. Ga kuma farin da Maroko ta sha shekaru a jere a ƴan shekarun nan, wanda ya rage ruwan idanu da magudanai.

Ya ce saura ɗan yanki guda a hannunsa, mai itatuwa kaɗan, ƴaƴansa suna ta matsa masa ya sayar su raba. Bai ga laifinsu ba, ɗaya na son aure, ɗaya na son jari. Abin da ke hana shi barci shi ne, a ƙauyukan duwatsu ma an fara gane cewa mai itace shi ne mai kaya. Ranar da masu saye suka saba hawa can kai tsaye, me zai tsayar da su a Safru? Ya ce, "Kakana ya ga ranar da alfadarai suka daina zuwa. Ba na so in ga ranar da za a naɗa sarauniya babu itace ko ɗaya a garin." Muka rasa abin da za mu ce masa, sai dattijonmu ya yi masa addu'a, muka sayi kilo biyu.

A hanyar komawa

Cikin tasi muka yi ta juya maganar. Safru ta yi dabara da hanya ta ƙaurace mata, ta ɗauki abin da ƙasarta ke fitarwa ta yi masa suna, har sunan ya shekara ɗari yana jawo mata baƙi. Amma yau ta kusa komawa inda ta fito, tana cin abinci daga kayan wasu da ke sauka a ƙofarta na kwana uku. Sunan yana nan da ƙarfinsa, sai dai abin da ke ƙarƙashinsa yana zaizayewa fuloti bayan fuloti, kuma babu wanda ya yi hakan da mugun nufi. Kowa bukatarsa ce ta sa ya sayar.

Yawancinmu a garuruwan kan hanya muke zaune, muna ci daga abin da ke wucewa. Mun ga yadda kasuwanninmu suka yi tsit da aka rufe iyaka a 2019, muka sake gani a 2023. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tambayar da muka dawo da ita, wadda muke miƙa wa dattawa da matasan ƙungiya, ita ce: in hanya ta kauce wa garinku gobe, mene ne naku na kanku da zai sa a zo muku, kuma wa ke kula da ƙasa da ruwa da hannayen da ke fitar da shi?

Cerin da muka rage a takarda, kafin mu kai Kazablanka ya fara laushi, muka raba wa maƙwabtanmu a jirgin ƙasa. Maɓallan Hajiya kuwa sun iso Maraɗi lafiya, har ta aika a ƙaro mata. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya sa albarka a kasuwa, ya maimaita mana wannan biki cikin lafiya da zumunci.